Wa ya raɗa wa gawo sunan Janar ɗin Faransa?

1/ Jama'a, akwai wasu tsofaffin littattafai na Faransanci da masu kuɗin Turai ke rububinsu a wajen gwanjo: labaran tafiye-tafiye zuwa ƙasashen gabas da Afirka, cike da zanen tsuntsaye da itatuwa da taswira. Su bango da zane suke saye, su jera a falo. Ni abin da ya ja ni gare su shi ne akwai mu a ciki. Zaren na da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu nan kudancin Kaduna in an ce Faransa, Fijo ce ke fara faɗo mana a rai. Kamfanin na nan Kakuri, tun 1975 aka fara harhaɗa mota a ciki, kuma da wuya ka rasa dattijo a Makera ko Nasarawa da zai ba ka labarin 504. Sai kuma ƙwallo. Amma an buga sunayen garuruwanmu da Faransanci sama da shekara 400 kafin Fijo ta zo.

3/ A 1556 aka buga fassarar Faransanci ta littafin Alhasan al-Wazzan a birnin Lyon. Shi ne Turawa ke kira Leo Africanus. A Fas ya tashi, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai wa Fafaroma a Rum, a can ya rubuta bayanin Afirka. A ciki akwai Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir.

4/ Abin da ya fi ba ni dariya a ciki: ya ce a ƙasar Zazzau akwai duwatsu masu tsananin sanyi, har mutane kan zuba garwashi ƙarƙashin gado su kwanta. Bature a Lyon na karantawa yana ta mamaki. Ai gadon ƙasa ne mai ramin wuta, irin wanda tsofaffi ke kwana a kai da hunturu a ƙauye. Masana har yau suna gardama ko ya zo da ƙafarsa ko a bakin fatake ya ji. Ko ma yaya ne, wanda ya ba da labarin ya san gadon.

5/ Irin wannan rubutu ya zama sana'a a Faransa. Pierre Belon ya zaga Turkiyya da Masar, ya buga nasa a 1553. Tavernier, dillalin duwatsu masu daraja, ya yi tafiya shida zuwa Farisa da Indiya, littafinsa ya fito a 1676. Shi ya sayar wa Sarki Louis na 14 shuɗin daiman ɗin nan da yanzu ke gidan tarihi a Washington.

6/ In ka karanta biyu ko uku za ka gane tsarin. Me ke tsirowa a ƙasar, me ake sayarwa, nawa ne, ta wace hanya ake bi, kwana nawa tsakanin rijiya da rijiya, sarkin na da dawaki nawa. Zanen fure na shafin dama, lissafin ɗan kasuwa na shafin hagu.

7/ Kuma kar ku ɗauka duk abin da ke cikin tsohon littafi gaskiya ne. Pierre Sonnerat, wanda ya rubuta tafiyarsa ta Indiya da Sin a 1782, yana da wani littafin na 1776 da ya zana tsuntsun fengwin ya ce na New Guinea ne. Tsuntsun yankin sanyi fa, a tsibiri mai zafi. Masu ƙarin gishiri ba da Facebook suka fara ba. 😂

8/ To mu dawo gida. Kuka. Wadda muke miya da ganyenta, mu sha garin 'ya'yanta, mu tufka igiya da ɓawonta. Sunanta a littafin kimiyya Adansonia digitata. Adanson ɗin nan mutum ne, Michel Adanson, wani saurayi Bafaranshe da ya sauka Senegal a 1749 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

9/ Ya yi kusan shekara biyar a can, ya koyi Wolof, ya tara tsirrai da ƙwari da ɓawon katantanwar teku. A 1757 ya buga Histoire naturelle du Sénégal. A wasu ƙananan tsibirai kusa da inda Dakar take yanzu ya ga kukoki da matuƙan jirgi suka sassaƙa sunayensu a jiki tun ƙarni biyu baya. Ya auna girman da suka ƙara, ya yi lissafi, ya ce kuka na iya haura shekara 5,000.

10/ Ya zarce. Gwajin zamani ya nuna mafi tsufan da aka samu ta kai kusan shekara 2,500 ne. Amma ni ina girmama mutumin, domin ya zauna ya tambayi mutanen ƙasa, kuma ya so a bar wa tsirrai sunayen da masu su ke kiransu. Linnaeus ɗan Suwidin ne ya maƙala wa kuka sunansa. Sai dai wanda ke biyan Adanson albashi kamfanin Compagnie des Indes ne, mai cinikin ƙaro da bayi a gaɓar Senegal. Wannan ma a rubuta.

11/ Shi ya sa in ka duba sunayen kimiyya na itatuwanmu za ka yi ta cin karo da Senegal. Maɗaci Khaya senegalensis, sabara Guiera senegalensis, gwandar daji Annona senegalensis. A can Bafaranshe ya fara ganinsu, shi ke nan suka zama 'yan Senegal a takarda. Ɗorawa kuwa Parkia, sunan Mungo Park ɗan Scotland.

12/ Gawo ne ya fi ci mini rai. A 1798 Napoleon ya shiga Masar da sojoji, ya tafi da masana sama da 150. Abin da suka tattara shi ne katafaren littafin nan Description de l'Égypte da aka fara bugawa a 1809. Masanin tsirran tawagar, Delile, shi ya yi bayanin gawo, shi kuma ya sa wa aduwa sunan da take amsawa yanzu, Balanites aegyptiaca.

13/ A 1934 wani masanin tsirrai, Auguste Chevalier, ya ware gawo daga danginsa ya raɗa masa Faidherbia. Faidherbe shi ne gwamnan Senegal da ya yaƙi Alhaji Umaru Futi a 1857, malamin nan da ya zauna Sakkwato ya auri 'yar Sarkin Musulmi Bello. A shekarar ce kuma ya kafa rundunar baƙaƙen sojojin Faransa, wadda daga baya aka ci ƙasar Nijar da ita.

14/ Ku duba fa. Gawo, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya fito da sabo da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Manomin Katsina da na Damagaram sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa ba sa sare shi a gona. Yau ɗan manomin zai shiga jami'a a Zariya ya haddace sunan Janar ɗin kafin a ba shi maki.

15/ Yanzu littafin da na fi so ku sani. De Saint-Louis à Tripoli par le lac Tchad, na Parfait-Louis Monteil, 1895. Hafsan soja ne. Ya taso daga Senegal a ƙarshen 1890 da Bature ɗaya da 'yan rakiya kaɗan, ya bi Segu, ya ƙetare Kwara a Say, ya ratsa Argungu, ya shiga Sakkwato a Oktoba 1891 zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman.

16/ Daga nan Kano, inda ya yi kusan wata uku zamanin Sarki Muhammadu Bello. Sai Haɗeja, sai Kukawa wajen Shehu Hashimi, sai ya bi hanyar Bilma ya ratsa Sahara ya ɓulla Tarabulus a Disamba 1892.

17/ Ku lura da shekarun. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa. A ƙarshen shekarar Sarki Bello ya rasu, Kano ta faɗa Basasa tsakanin Tukur da Yusufawa. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. Wato Monteil ya ga ƙasar nan ana dab da kifewa, kuma shi bai sani ba, mutanen da ya zauna da su ma ba su sani ba. Ina karantawa ina jin kamar mai kallon bidiyon biki na gidan da gobara ta cinye daga baya.

18/ Ya yi dogon bayani kan Kano da kasuwancinta, musamman goro: yadda ayari ke ɗauko shi daga Gwanja, wahalar adana shi a hanya, da yadda kowa ke sonsa daga sarki har talaka. In kakanka bafatake ne, Bakano ko ɗan Agalawa, to akwai ƙurar ƙafarsa a shafukan nan ko da ba a ambaci sunansa ba.

19/ Sannan annobar shanu. Ciwon bushiya ya shigo Afirka ta Eritrea a ƙarshen shekarun 1880, ya iso ƙasashenmu daidai lokacin tafiyar Monteil. Ya ga gawawwakin shanu a hanya, ya ga Fulani da suka wayi gari ba ko saniya ɗaya. A wurare da yawa kusan duk garken ya ƙare. Sai a 2011 aka ayyana an kawar da cutar daga duniya.

20/ Muna yawan cacar baki a nan kan makiyaya da manoma, kowa da tarihin da ya haddace. Da wuya ka ji wani ya ambaci wannan annoba, alhali ta talauta dubban gidaje ta sauya inda mutane ke zama. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gani da ido suka rubuta, da Faransanci ya rubuta, mu kuma ba ma karantawa.

21/ To me ya kawo shi? Ba yawon buɗe ido ba ne. A Agusta 1890 Ingila da Faransa sun ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta kamfanin Ingilishi na Royal Niger, tare da sharaɗin duk abin da ke na Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. Firaministan Ingila Salisbury da kansa ya yi raha da cewa suna rabon duwatsu da kogunan da ba su san inda suke ba.

22/ An turo Monteil ya bi layin ya gani. Ya dawo ya ce ikon da kamfanin ke iƙirarin yana da shi a Sakkwato babu shi a ƙasa, ga kuma takardar yarjejeniya da shi ma ya samo daga Sarkin Musulmi. Ingilishi na riƙe da tasu ta 1885. Ni a fahimtata fadar Sakkwato izinin ciniki da aminci take bai wa baƙo, kamar yadda aka saba. A Paris da Landan kuwa takardar gili ce.

23/ Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. A 1899 Voulet da Chanoine suka ratso suna ƙone garuruwa, suka gwabza da Sarauniya a Lugu, suka yi kisan ƙare dangi a Birnin Ƙwanni. Har Kanar ɗin da Faransa ta turo ya tsayar da su suka harbe, kafin sojojinsu su kashe su a yankin Tasawa.

24/ A shekarar ce tawagar Foureau da Lamy ta sauko daga Aljeriya ta Agadas zuwa Damagaram. Foureau mai auna taurari ne da tara duwatsu da tsirrai, Lamy mai bindiga. Afrilu 1900 a Kusuri aka kashe Rabe, Lamy ma ya mutu a wurin. Foureau ya koma gida ya buga D'Alger au Congo par le Tchad a 1902. Ayari ɗaya ya ɗauko akwatin busassun ganye da akwatin harsashi.

25/ Layin farko bai yi wa Faransa ba, saboda ruwa. Yarjejeniyar 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, sai ya zama hanyarsu daga Kwara zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasa mai ƙarancin rijiya. Suka yi ta ciniki har aka sassauto da layin kudu a 1904 da 1906. Rijiyoyin da matafiyan nan suka yi ta ƙirgawa a littafi, ga amfaninsu ya fito.

26/ Daga 1906 Kyaftin Jean Tilho da takwaransa na Ingila, Manjo O'Shee, suka bi iyakar suna kafa alama. Tafintan tawagar Faransa, Moïse Landeroin, ya ji Hausa. Ya zauna da dattawa da masu tarihi a fadoji, ya rubuta jerin sarakuna da yaƙe-yaƙen Damagaram, Maraɗi, Tsibiri, Ƙwanni da Adar. An buga a cikin Documents scientifiques de la mission Tilho. Shi da Tilho sun kuma fitar da ƙamus na Hausa da littafin nahawu da tatsuniyoyi.

27/ Me ya sa soja zai damu da wa ya gaji wa? Domin sharaɗin nan na 1890. In ka nuna Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ba su taɓa bin Sakkwato ba, in ka nuna Damagaram Barno take kallo, to ka samu hujjar cewa ba rabon Ingila ba ne. Tarihin da dattijo ya bayar a zaure ya zama shaida a teburin rabon ƙasa.

28/ A nan nake rabuwa da masu cewa Bature ya ɗora abin ja layi kawai ya tsaga mu biyu. Ya tsaga, ba musu. Amma a wurare da dama kan tsohuwar gaba ya bi, wadda ke tsakanin daular Usmaniyya da sarakunan Haɓe da suka yi arewa bayan jihadi. Wata masaniyar tarihi Bafaranshiya, Camille Lefebvre, ta yi littafi guda kan wannan a 2015. Abin da ya ƙara shi ne ya mayar da iyakar da ke motsi da ƙarfin doki ta zama mai kwastan da hatimi.

29/ Kuma mun ɗanɗana. Agusta 2019 aka rufe iyaka, har ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake rufewa. Motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa ta ruɓe, mai 'ya a aure a Maraɗi sai ta hanyar daji.

30/ Kaduna ba ta cikin littattafan nan, don lokacin babu birnin. Sai da jirgin ƙasa ya iso, aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Amma rabon da aka yi da taimakonsu shi ya sa ni na yi boko da Turanci, ɗan'uwana na Maraɗi ya yi lakwal da Faransanci, mu haɗu a nan muna Hausa kowa na jefa kalmar ubangidansa.

31/ In ka ƙetare gada ka je Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa, za ka samu na Turanci da na Larabci da ajami. Ɗaya rabin yana Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence a kudancin Faransa, garin da aka haifi Adanson. Ɗalibin tarihi a nan zai gama digiri bai taɓa buɗe Landeroin ba, sai ka ji yana ba da tarihin Katsina kamar ya tsaya a Jibiya.

32/ Abin daɗin shi ne ba sai ka je gwanjo ba. Babban ɗakin karatun Faransa na da shafi a intanet, Gallica, an ɗora dubban tsofaffin littattafai kyauta, wasu kuma suna archive.org. Ni a waya nake karantawa da dare, da ɗan Faransancina da manhajar fassara. Takan yi shirme, musamman a sunaye. Bafaranshe "ou" yake rubutawa a madadin "u" ko "w", sai ka furta Kaoura da baki kafin ka gane Ƙaura ce.

33/ Za ku ci karo da raini, ku shirya. Akwai shafin da zai yabi kasuwar Kano, na gaba ya kira mutanenta maƙaryata don sun ƙi sayar masa da raƙumi da arha. Ni in na zo irin wurin nakan tambayi kaina: wa ya nuna masa hanya, wa ya yi masa tafinta, wa ya ce masa wannan ganyen na maganin shawara ne? Da yawansu littafin bai faɗi sunansu ba, sai dai "wani madugu", "wani malami".

34/ Kwanan baya na tambayi ƙannena su kawo mini sunayen itatuwa goma na daji. Suka kawo mangwaro, gwaiba, darbejiya, kashu, sai suka tsaya. Babu ɗaya a ciki da asalinsa na ƙasar nan ne. Ba su san marke ba, ba su san ƙirya ba, alhali kullum suna wuce buhunan gawayi a bakin titin Gonin Gora. Allah sarki. Bature ya busar da ganyen ya ajiye a Paris yana nan har yau, itacen kuma muna dafa shayi da shi.

35/ A 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Madalla. To ga aiki nan: abin da dattawan Maraɗi da Tsibiri da Damagaram suka faɗa wa Landeroin da Hausa suka faɗa, shi ya juya shi zuwa Faransanci, sama da shekara ɗari ke nan yana can.

36/ 'Yan'uwa na Maraɗi, Damagaram da Tawa da ke bibiyata, ku kuka iya harshen. A cikinku wa zai ɗauki babin Maraɗi? Ko shafi biyu-biyu ne a mako, ku ɗora a nan, mu na wannan ɓangaren mu kai wa tsofaffinmu na Katsina mu ji inda labarin ya zo ɗaya da inda ya saɓa. Babin Kano na Monteil kuwa ku bar mini, na riga na fara.